Ihu a Titi, Ƙuri'a a Zaure: Yadda Ake Ƙwato wa Teku Kariya

A ƙarshen watan Yunin 1975, can cikin tekun Fasifik daura da gaɓar Kalifoniya, wasu 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace suka sauke ƙananan kwale-kwalen roba masu inji, suka kutsa tsakanin jirgin farauta na Tarayyar Sobiyet da garken wel, wato manyan dabbobin nan na teku masu siffar kifi amma suna shaƙar iska, suna shayar da 'ya'yansu nono. A lissafinsu, maharbi ba zai saki mashi ba alhali ga mutane a gabansa. Sai ya saki. Mashin mai nakiya a tsini ya wuce ta saman kawunansu ya soki dabbar, igiyar da ke biye da shi ta faɗo cikin ruwa dab da kwale-kwalen. Ba su ceci dabbar ba. Abin da suka dawo da shi tudu hoton bidiyo ne na 'yan daƙiƙoƙi, wanda gidajen talabijin na Amurka suka yi ta nunawa. Gani ya kori ji: mutanen da ba su taɓa tunanin abin da ke faruwa a tsakiyar teku ba suka gan shi a ɗakunansu.

Yawancin masu ba da labarin nan a nan suke dasa aya. To amma haramcin farautar wel don kasuwanci bai zo ba sai 1982, shekara bakwai bayan wannan rana, kuma a zauren taro aka yanke shi, a birnin Brighton na Ingila. Dokar Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya ta ce irin wannan mataki sai da goyon bayan kashi uku cikin huɗu na masu kaɗa ƙuri'a. Saboda haka cikin waɗannan shekaru aka yi wani aiki marar hayaniya, na lallaɓar ƙasashen da ba sa farautar su shiga hukumar, da ƙirga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka kaɗa, ƙasashe 25 suka amince, 7 suka ƙi, 5 suka ƙaurace. Duk da haka ba a rufe ƙofar ruf ba. Norway ta shigar da ƙin amincewarta a hukumance ta ci gaba da farauta. Japan ta fake da sunan binciken kimiyya har Kotun Duniya ta yanke hukunci a kanta a 2014, daga baya ta fice daga hukumar a 2019.

Duk abin da mutum ke buƙatar fahimta game da fafutukar kare muhalli yana cikin wannan labari. Zanga-zanga tana sa a ga abin da ke ɓoye. Amma wanda ke da ikon hanawa yana zaune a wani takamaiman zaure, yana aiki da takamaimiyar ƙa'idar ƙuri'a, kuma in ba a kai masa buƙata guda a rubuce ba, wadda zai iya cewa i ko a'a a kanta, ihun yana bin iska.

Abin da teku ke shanye wa duniya

Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas gadan-gadan, yawan iskar kabon a sararin sama ya tashi daga wajen 280 cikin kowane miliyan zuwa sama da 420. Wannan iska tana riƙe zafi kamar bargo. Fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin, ruwan teku ne ya shanye shi, ya kuma haɗiye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon ɗin da ake fitarwa. Ba don haka ba, da zafin tudu ya wuce inda yake nesa ba kusa ba.

Amma teku yana ji a jikinsa. Ruwa in ya ɗumama yana kumbura, ga ƙanƙarar tudu na narkewa tana kwararowa, shi ya sa tsayin teku ya ƙaru da wajen santimita 20 daga 1900 zuwa yau. Kabon in ya narke a ruwa yana zama asid. Ma'aunin tsamin saman teku, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauka daga 8.2 zuwa 8.1, abin da ido zai raina, alhali a yadda ma'aunin ke aiki hakan ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100, kuma halittu masu gina ƙwanso su ne ke fara shan wuya. Murjani kuwa, wato ƙananan halittun da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, in zafin ruwa ya ɗara abin da ya saba da digiri ɗaya tak na tsawon makonni, sai ya tofar da ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat. In ruwan bai huce da wuri ba ya mutu. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ƙiyasi a 2018 cewa ɗumamar digiri 1.5 sama da zafin duniya kafin zamanin masana'antu za ta lashe kashi 70 zuwa 90 na duwatsun murjani, digiri 2 kuma za ta lashe fiye da kashi 99. Shekarar 2024 ita ce ta farko da matsakaicin ɗumamar duniya na shekarar gaba ɗaya ya haura 1.5 ɗin.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin ko masu fafutuka sukan cakuɗa shi. Keɓe wani yanki na teku yana hana taru da injin haƙa shiga, amma ba ya hana zafi shiga. Maganin zafi da tsami yana tudu, a ma'aikatun makamashi da majalisun dokoki. Maganin wawushe kifi da haƙar ƙasan teku yana wasu zauruka dabam. Yaƙi biyu ne masu taimakon juna, domin murjanin da ba a wawushe kifayensa ba ya fi saurin farfaɗowa, amma kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa.

Wa ke da ruwan?

Yarjejeniyar Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ta yanka teku gida-gida. Mil 12 na farko daga gaɓa, a ma'aunin mil na teku, ruwan ƙasa ne. Har zuwa mil 200, kimanin kilomita 370, ƙasar da ke gaɓar ce ke da ikon kifi da mai da ma'adinai. Bayan nan sai tsakiyar teku, kusan kashi biyu cikin uku na ruwan gaba ɗaya, wanda ba mallakin kowa ba ne. A can, jirgi yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta, kuma akwai ƙasashen da ke ba da rajistar tuta ga duk mai kuɗi ba tare da sa ido ba. Kamun kifi yana hannun hukumomin yanki-yanki, zirga-zirgar jirage tana hannun wata hukuma a Landan, ƙasan tekun kuma yana hannun wata a Kingston ta Jamaika. Wanda ya yi gangami a ƙofar ma'aikatar muhalli kan abin da ke hannun hukumar kifi, ya kai kukansa gidan da ba su da maganinsa.

Taron miliyoyi da abin da ya haifa

A watan Agustan 2018 Greta Thunberg, tana da shekara 15, ta ƙaurace wa aji ta zauna a gaban majalisar dokokin Siwidin da kwali a hannu. Shekara guda bayan nan, ranar 20 ga Satumban 2019, masu shirya gangamin suka ce mutane kusan miliyan 4 ne suka fito a faɗin duniya. Wannan ya sauya yadda ake zancen yanayi a gidaje da jaridu, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai hayaƙin da ake fitarwa ya ɗan ja baya ne kawai a 2020 saboda annoba, sannan ya koma hawa. "A saurari kimiyya" gaskiya ce, amma kowane shugaba na iya cewa ya saurara, ya ɗauki hoto, ya koma ofis.

Abin da ya faru a Birtaniya ya fi koyarwa. A watan Afrilun 2019 ƙungiyar Extinction Rebellion ta toshe gadoji da mahaɗar tituna a Landan fiye da mako guda, aka kama sama da mutum 1,000. Ranar 1 ga Mayu majalisa ta ayyana halin gaggawa kan yanayi, ƙudurin da bai ɗaure kowa ba. Abin da ya ɗaure ya zo a watan Yuni, lokacin da aka gyara dokar yanayi ta 2008 aka sa wa'adin 2050 na kai hayaƙi matakin da abin da ake fitarwa bai wuce abin da ake shanyewa ba. Me ya sa aka yi saurin haka? Dokar tana nan tun da, kwamitin masana na gwamnati ya riga ya miƙa shawarar a rubuce, lamba ɗaya ce ake buƙatar canzawa. Titi ya tura ƙofar da wasu suka daɗe suna zare wa sakata.

Wata shida bayan toshe titunan Landan ƙungiyar ta yi tuntuɓe. Da sanyin safiyar wata ranar Oktoba wasu 'yan ƙungiyar suka hau rufin jirgin ƙasa a tashar Canning Town, unguwar ma'aikata, daidai lokacin tafiya aiki. Fasinjoji suka jawo su ƙasa da ƙarfi. Jirgin na lantarki ne, mutanen da aka tare kuwa ba su da hannu a ba da lasisin mai. Irin wannan ce ta sami wata ƙungiyar, Just Stop Oil, a 2022, sa'ad da 'yan ƙungiyar biyu suka watsa miyar tumatir a kan zanen Van Gogh. Gilashi ya kare zanen, buƙatarsu kuma a fili take, wato a daina ba da sabbin lasisin mai da gas. Amma aikin bai nuna buƙatar ba, sai muhawara ta koma kan miya da gidan tarihi. Ƙa'idar da ake gani a nan mai sauƙi ce: in mai kallo ba zai gane alaƙar abin da aka tare da abin da ake nema ba sai an yi masa bayani, to an zaɓi wurin da bai dace ba.

Akwai kuma lambar da ake yawan ambata, cewa in kashi 3.5 cikin 100 na jama'a suka fito, dole a yi nasara. Ta samo asali ne daga binciken Erica Chenoweth kan gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006, waɗanda burinsu kifar da gwamnati ne, ko korar 'yan mamaya, ko ɓallewa. Tumɓuke mai mulki aikin rana guda ne in ranar ta zo. Sauya yadda ƙasa ke samun wuta da sufuri aiki ne na shekaru talatin, mai buƙatar kasafin kuɗi kowace shekara. Ɗora wancan ma'auni a kan wannan kuskure ne.

Brent Spar: nasarar da ta zo da tabo

A 1995 kamfanin Shell ya sami izinin gwamnatin Birtaniya ya nutsar da Brent Spar, wani ƙaton rumbun ajiyar mai na ƙarfe mai nauyin tan 14,500, a zurfin tekun Atlantika. Ranar 30 ga Afrilu 'yan Greenpeace suka hau rumbun suka tare a kai. Aka ga hotunan jiragen kamfani suna feshe su da ruwa. Abin da ya karya kamfanin bai faru a teku ba. A Jamus ya faru, inda masu motoci suka ƙaurace wa gidajen mansa, ciniki ya faɗi warwas, har shugaban gwamnati Helmut Kohl ya tayar da maganar gaban takwaransa na Birtaniya John Major. Ranar 20 ga Yuni kamfanin ya janye. Komai ya haɗu: abu guda da ido ke gani, mai yanke hukunci guda, da hanyar da talaka zai sa hannu ba tare da wahala ba, domin ga wani gidan mai a gaba.

Sai dai ana tsakiyar rikicin Greenpeace ta ce akwai tan 5,500 na mai a cikin rumbun. Daga baya ta gano cewa an ɗebi samfurin ne daga bututun shan iska maimakon cikin tankunan. A watan Satumba ta nemi afuwa, binciken masu zaman kansu kuma ya nuna man bai wuce wajen tan 100 ba. Hujjarta ta asali, cewa teku ba juji ba ne kuma in aka bar wannan ɗaruruwan dandamalin mai za su biyo baya, ba ta dogara da wannan lamba ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara talatin ke nan ana jifan masu fafutuka da wannan kuskure guda. Duk lambar da za a ɗaga a kwali, a san wa ya auna ta, da wane kayan aiki, a kuma ba wani masani na waje ya duba kafin a kira 'yan jarida.

Ribar da ta ɗore ta zo a 1998, lokacin da ƙasashen arewa maso gabashin Atlantika suka haramta zubar da irin waɗannan dandamali a teku, in ban da 'yan togaciya. Ba a ga kyamara da yawa a wannan taro ba.

Kariya a takarda

A watan Disamban 2022 a Montreal, ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. A 2024, abin da ke da sunan kariya a teku wajen kashi 8 ne, wanda kuma aka kare da gaske, aka hana manyan jiragen su shiga, bai kai kashi 3 ba. Ratar da ke tsakani ita ce matsalar. A wurare da yawa da taswira ta nuna a matsayin keɓaɓɓu, doka ta bar jirage su ja taru mai nauyin ƙarfe a ƙasan teku, yana kankare duk abin da ya tarar kamar garma.

Dogger Bank a Tekun Arewa haka yake. A 2020 Greenpeace ta jefa manyan duwatsu a wani sashe nasa, ta kuma miƙa wa hukumomi ainihin wurin da kowane dutse ya sauka, don kada jirgi ya yi hatsari. Mai jan taru ya san in ya bi ta nan zai yi asarar kayansa. A watan Yunin 2022 Birtaniya ta haramta jan taru a ƙasan yankin nata. A nan aikin da kansa shi ne bayanin buƙatar. Cabo Pulmo na Meziko kuwa ya nuna abin da kariyar gaske ke haifarwa: masuntan ƙauyen da kansu suka nemi a keɓe wurin, aka yi haka a 1995, su ne kuma suka tsare shi, cikin shekara goma daga 1999 nauyin kifin da ke wurin ya ninka fiye da sau biyar. Keɓewar da aka ƙaƙaba wa ƙananan masunta ba tare da shawararsu ba, alhali manyan jirage na shawagi a gefe, ba ta cika ɗorewa ba, kuma zalunci ne.

Sa ido a tsakiyar teku yana da wuya. Manyan jirage suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke, kuma tun 2016 ƙungiyar Global Fishing Watch ke ɗora wannan bayani a intanet kyauta. Amma ɓarawo yana kashe na'urar. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi ba sa bayyana a bayanan da jama'a ke gani. Labarin Thunder, wani jirgin satar kifi, ya nuna irin aikin da ake sha. Jiragen ƙungiyar Sea Shepherd sun bi shi kwana 110, daga ruwan Antatika har mashigin tekun Gini, sun kuma tsamo kilomita 72 na haramtacciyar ragar da ya bari. Da ya nutse a watan Afrilun 2015, suka ceci ma'aikatansa, wasu kuma suka shiga cikinsa yana nutsewa suka kwaso taswirori da kwamfuta da daskararren kifi. Waɗannan shaidu ne suka taimaka wa kotun Sao Tome ta ɗaure kyaftin ɗin da injiniyoyinsa biyu.

Hanyar kotu

A 2019 wasu ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, suka rubuta wa gwamnatocin yankinsu cewa a nemi Kotun Duniya ta fayyace nauyin da ke kan ƙasashe game da yanayi. Banuwatu ta ɗauki maganar, ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, har babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Maris na 2023. Ranar 23 ga Yulin 2025 alƙalan suka yi magana da murya ɗaya: kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, sakaci da shi na iya zama laifin da ke jawo diyya, kuma ba da lasisin mai ko tallafa masa na iya shiga ciki. Kafin nan, a watan Mayun 2024, kotun dokar teku da ke Hamburg ta ce hayaƙin da teku ke shanyewa gurɓata teku ne a idon doka. Duka biyun kamar fatawa suke, ba sa tura kowa kurkuku, amma lauya a kowace ƙasa zai iya ɗaga su gaban alƙali.

Shari'ar Afirka ta Kudu ta fi nuna yadda ake cin nasara a aikace. A ƙarshen 2021 Shell ya fara binciken mai a gaɓar da ake kira Wild Coast, da bindigogin iska masu fashewa cikin ruwa kusan kowace daƙiƙa goma, dare da rana. An yi gangami a bakin teku, an shigar da ƙara ta farko, aka kore ta saboda rashin isasshiyar hujjar ɓarna. Ƙara ta biyu mutanen ƙauyukan gaɓar ne suka shigar, da shaidar masana a hannu, da kuma wata hujja mai sauƙi: an buga sanarwar aikin a jaridun Turanci da Afirkans, alhali su Khosa suke ji, kuma an tuntuɓi sarakuna an tsallake masunta. Ranar 28 ga Disamba kotun Makhanda ta dakatar da aikin. Ba kullum kotu ke ba da abin da ake so ba. Hukuncin 2021 da ya umarci Shell ya rage hayaƙinsa da kashi 45 cikin 100, kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta soke shi a 2024.

Farashin ma yana ƙaruwa. A 2024 wata kotun Ingila ta yanke wa Roger Hallam, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Extinction Rebellion, shekara biyar saboda shirya toshe babbar hanya, aka rage zuwa huɗu a ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2025 masu taya alƙali hukunci a jihar Dakota ta Arewa a Amurka suka ce Greenpeace ta biya wani kamfanin bututun mai fiye da dala miliyan 660, kafin alƙali ya rage. Waɗanda suka fi kowa biya kuwa ba a san sunayensu ba: ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai, mafi yawansu a Latin Amurka.

Zauruka biyu da ake kai ruwa rana yanzu

Tsakanin Hawai da Meziko, a zurfin mita 4,000 zuwa sama da 5,000, akwai wani fili da ake kira Clarion-Clipperton, shimfiɗe da curin ma'adinai masu girman dankali, ɗauke da manganis da nikel da kobalt da jan ƙarfe. Kowane curi yana ƙara 'yan milimita ne a shekara miliyan. Kamfanoni na cewa ana buƙatar su don baturan motocin lantarki, wato da sunan ceton yanayi za a haƙa. Masana kuwa sun ƙirga nau'in halittu fiye da 5,000 a wurin, kusan kashi 90 cikin 100 ko suna ba a raɗa musu ba. A 1989 an gwada jan garma a ƙasan teku daura da Peru. Da aka koma bayan shekara 26, sawun garmar na nan raɗau.

Hukumar da ke Kingston ta ba da lasisin bincike 31, ba ta ba da na haƙa ba tukuna. A 2021 Nauru, wata ƙaramar ƙasar tsibiri a Fasifik mai ɗaukar nauyin reshen kamfanin haƙa The Metals Company, ta tayar da wata ƙa'ida da ta ba hukumar shekara biyu ta kammala dokokin haƙa. Wa'adin ya wuce a 2023 ba a gama ba. Ga inda gizo ke saƙa: in kwamitin ƙwararru na hukumar, wanda yawancin zamansa a asirce ne, ya ba da shawarar a amince da wata buƙata, majalisar mai ƙasashe 36 ba ta iya ƙin ta sai da kashi biyu cikin uku, haɗe da rinjaye a kowane rukuni na majalisar. Ma'ana, cewa a'a ya fi cewa i wuya ƙwarai. Shi ya sa masu fafutuka suka mayar da hankali kan tara ƙasashen da ke neman a dakata tun kafin buƙata ta iso, kuma sun haura 30. A Norway, majalisa ta buɗe ruwanta ga haƙa a watan Janairun 2024, amma a Disamba wata ƙaramar jam'iyya ta ce ba za ta goyi bayan kasafin kuɗi ba sai an dakatar da ba da lasisi, aka dakatar. Sai kuma a watan Afrilun 2025 shugaban Amurka, ƙasar da ba ta cikin Yarjejeniyar Dokar Teku, ya ba da umarnin hanzarta ba da izini ƙarƙashin wata dokar cikin gida ta 1980, The Metals Company ya garzaya can da takardunsa. Zauren da aka shafe shekaru ana tarewa, an zagaye shi ta baya.

Zaure na biyu sabo ne. Yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku ta ci kusan shekara ashirin ana tattaunawa kafin a daidaita a New York a watan Maris na 2023. Sa hannu bai isa ba, sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita ta hanyar dokokinsu na gida, sannan a ƙirga kwana 120. Palau ce ta fara. An cika 60 a watan Satumban 2025, ranar fara aikinta ta kama 17 ga Janairun 2026. Muhimmin abin da aka ci a cikinta shi ne ƙa'idar ƙuri'a: in baki bai zo ɗaya ba, kashi uku cikin huɗu na iya keɓe yanki. Darajar wannan tana bayyana in aka dubi hukumar Antatika, inda dole sai kowa ya yarda. Ta keɓe Tekun Ross a 2016, murabba'in kilomita miliyan 1.55, amma tun daga nan Rasha da Sin ke tare sauran shawarwarin shekara bayan shekara.

Sabuwar yarjejeniyar ma tana da ɓaraka. Ƙasa na iya shigar da ƙin amincewa ta zame daga wani mataki, kuma an rubuta cewa ba za a taka ikon hukumomin kifi da na haƙa da suka riga ta ba. Ana ambatar wuraren da za a fara da su, kamar Tekun Sargaso da tsaunukan ƙarƙashin ruwa na Salas y Gomez da Nazka daura da Chile. Kowanne sai an haɗa masa takarda mai ɗauke da iyakoki, da hujjar kimiyya, da tsarin kulawa, da yadda za a sa ido, ta bi ta kwamitin masana, a ji ta bakin masu ruwa da tsaki, sannan ta isa zauren ƙuri'a. Kuma ƙungiya, komai yawan mabiyanta, ba ta da ikon miƙa wannan takarda. Sai ƙasar da ta tabbatar da yarjejeniyar ta ɗauke ta da sunanta.